Manhajar Kuɗi Ko Ta Kyauta: Da Wacce Za Mu Riƙa Zana Allon Da'ira?

Auwalu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu wannan sana'a. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai. Ina da ƙaramin shago kusa da kasuwar Sabon Gari inda muke haɗa na'urar daidaita cajin batirin sola da ƙananan inbata, kuma tun da na fara zana fanel, wato allon da'ira, da kaina, manhajar EAGLE ta kyauta nake amfani da ita. Wanda ya san ta ya san iyakarta: hawa biyu na jan ƙarfe, shafi biyu na zanen da'ira, sannan faɗin allon ba zai wuce murabba'in santimita 80 ba. Sabon zanen da nake kai ya fi haka girma, domin tiransistocin da ke ɗaukar wuta mai yawa da ƙarfen sanyaya su suna cin wuri. Ban da wannan, lasisin kyautar ba don kasuwanci aka yi shi ba, ni kuwa yanzu sayarwa nake yi. Ga shi kuma kamfanin Autodesk ya sanar tun a 2023 cewa daga ranar 7 ga Yuni 2026 ya daina sayar da EAGLE da kula da ita, wanda yake so ya ci gaba sai ya koma wata manhajarsa mai suna Fusion. Shin in daure in riƙa biyan kuɗin manhaja ta kamfani, ko in koma KiCad, wadda kyauta ce, in fara koyo daga tushe? Ina roƙon wanda ya yi aiki da su da hannunsa ya ba ni amsa.

Malam Kabiru:
Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Allah ya yi wa sana'a albarka. Shawarata ita ce ka koma KiCad, kuma ba arha ce babbar hujjata ba. Ka dubi tarihin manhajar da kake shirin bari. Kamfanin CadSoft na Jamus ne ya fitar da EAGLE a 1988, Premier Farnell ya saye shi a 2009, Autodesk ya saye a 2016, shekara ɗaya bayan haka aka daina sayar da lasisin dindindin aka koma biyan kuɗi lokaci-lokaci, a 2023 kuma aka sa mata ranar rufewa. A duk waɗannan matakai babu inda aka tambayi mai ƙaramin shago irinka, kuma ba laifin kowa ba ne, haka kasuwanci yake. Mai zaman gidan haya, komai daɗewarsa a ciki, ranar da mai gida ya sayar dole ya saurari sharaɗin sabon mai gida.

KiCad kuwa wani malami ne a Grenoble ta ƙasar Faransa, Jean-Pierre Charras, ya fara ta a 1992, kuma tana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar saukewa, amfani, kwafa da rabawa. Tun daga 2013 injiniyoyin cibiyar binciken CERN suka shiga aikinta, su ne suka kawo hanyar jan layi wadda ke ture layukan da ke gabanta su ba ta wuri, a 2019 kuma ta shiga ƙarƙashin inuwar Linux Foundation. Ba ta ƙayyade maka faɗin allo, tana ɗaukar hawa har 32 na jan ƙarfe, kuma ba ta neman intanet kafin ta buɗe, abin da duk mazaunin Kano ya san amfaninsa. Abin da na fi so ka riƙe shi ne fayilolinta rubutu ne bayyananne wanda tsarinsa a buɗe yake, saboda haka zanen da ka yi bana, idan mai saye ya dawo maka da na'ura bayan shekara goma, za ka buɗe shi ba tare da neman izinin kowa ba.

Injiniya Bashir:
Malam Kabiru ya yi magana mai kyau, amma ina so kada ƙaunar abin kyauta ta sa mu rage wa manhajojin kamfani hakkinsu. Na daɗe ina aiki da Altium Designer, kuma na san abin da ake biya a samu. Idan kana zanen da ke ɗauke da sigina mai gudun gaske, inda kaurin kowane hawa da faɗin kowane layi za su ƙayyade ko allon zai yi aiki ko ba zai yi ba, kayan aikin da Altium ko Allegro ta Cadence ko Xpedition ta Siemens suke ba ka sun fi zurfi. Haka kuma idan injiniyoyi biyar suna aiki a kan allo ɗaya, ana buƙatar a san wane ne ya canza me, wane kaya ne aka amince a saya, wane ne kamfaninsa ya daina ƙerawa, a nan ma sun yi nisa. Sannan idan abu ya cushe akwai wanda za ka rubuta wa, wanda aikinsa ne ya amsa maka, domin ka biya.

Akwai kuma maganar neman aiki, wadda ta shafi yaranmu. Matashin da yake fatan samun aikin zane daga kamfanonin waje zai ga cewa da yawa cikin tallace-tallacen aikin sunan Altium ko Cadence suke ambata. Ban ce wannan ya shafi Malam Auwalu ba. Allonsa hawa biyu ne, kuma a irin wannan aikin ba zan ce ya kashe dubban daloli ba. Amma wannan zaure yana da ɗalibai, kuma ba na so su tashi da tunanin cewa duk wanda ya biya kuɗin manhaja asara ya yi.

Nasiru:
Ranka ya daɗe Injiniya, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, kuma ina neman afuwa idan abin da zan faɗa bai yi daɗin ji ba. A tsakaninmu ɗalibai, zaɓin ba tsakanin ta kuɗi da ta kyauta yake ba, domin Proteus da Altium duk ana samun fasassun kwafinsu a hannun masu sa wa kwamfuta manhaja, a kan kuɗin da bai kai na abincin rana ba. Saboda haka mafi yawanmu ba mu taɓa jin nauyin farashin ba. Tambayata ita ce, tun da hakan ya zama ruwan dare, mene ne zai sa mutum ya wahalar da kansa?

Malama Hadiza:
Nasiru, na ji daɗi da ka fito da maganar fili, domin ɓoye ta ba ya maganinta. Ina koyar da darasin lantarki a wata makarantar kimiyya da fasaha a nan Kano, kuma abin da ka faɗa ina ganinsa kowace shekara. Amsar tana da fuska uku, kuma zan fara da wadda ta fi nauyi a wurina. Manhaja dukiyar mai ita ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba manhajar kwamfuta kariya, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin ƙirƙira da na wallafa haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare. Wanda zai ci abinci da sana'a ya kamata ya damu da tsarkin kayan aikinsa, musamman da yake akwai halastacciyar hanya a buɗe, ba a cikin lalura ake ba.

Fuska ta biyu ita ce fasasshen kwafi ƙofa ce da kai da kanka kake buɗe wa wanda ba ka sani ba, domin kafin ya shiga sai an ce ka kashe manhajar tsaron kwamfutarka, kwamfutar da a cikinta kake shiga asusunka na banki. Ta uku kuma ita ce ranar da wani kamfani zai ba ka aiki ya nemi fayilolin asali tare da shaidar lasisi, ba ka da abin nunawa. Ga ɗalibi ma babu dalilin wannan kasada, tun da Altium tana ba ɗalibai lasisi kyauta idan suka tabbatar da cewa suna makaranta.

Sai dai zan tsaya wa Proteus a wuri ɗaya, kuma Malam Kabiru ya yi mini haƙuri. Abin da ya sa makarantunmu suka riƙe ta ba zanen allo ba ne, gwajin kwaikwayo ne. Kamfanin Labcenter na Ingila ya yi ta yadda ɗalibi zai rubuta umarni ga ƙaramar ƙwaƙwalwa irin PIC ko AVR ko 8051, ya loda shi a cikin zanen, ya ga fitila tana kamawa, inji yana juyawa, rubutu yana fitowa a gilashi, alhali bai sayi ko rezista ɗaya ba. A ajin da ɗalibai suka yi wa kayan gwaji yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. KiCad tana da nata abin gwajin kwaikwayo mai suna ngspice a cikinta, yana gwada da'irar tiransisto da amfilifaya da kyau, amma ba ya gudanar da umarnin ƙaramar ƙwaƙwalwa. Don haka abin da nake ganin ya dace shi ne makaranta ta sayi lasisin Proteus na gaskiya ta sa a ɗakin gwaji, zanen allon kuma a koyar da shi da KiCad, wadda ɗalibi zai tafi da ita gida ya ci gaba da aiki da ita bayan ya gama.

Malam Kabiru:
Malama, babu abin haƙuri a ciki, gaskiya kika faɗa, kuma rabon aikin da kika yi na yarda da shi. Inda ban gamsu ba shi ne maganar Injiniya a kan sigina mai gudu. Da a ce shekara goma baya ake maganar, da ban yi musu ba. Amma tun daga fitowa ta 6 a ƙarshen 2021 KiCad ta canza ƙwarai, kuma daga nan kusan kowace shekara ana fitar da sabuwa: ta 7 a 2023, ta 8 a 2024, ta 9 a 2025. Tana jan tagwayen layuka tare, tana daidaita tsawonsu, tana karɓar ƙa'idojin da kai ka rubuta mata, tana nuna allon a siffarsa ta zahiri ka juya shi ka ga ko zai shiga akwatinsa. Kamfanin Olimex na Bulgeriya ya zana cikakkiyar ƙaramar kwamfuta da ita, kamfanin Raspberry Pi kuma da suka fitar da ƙaramar ƙwaƙwalwarsu RP2040, misalin allon da suka ba jama'a da KiCad aka yi shi. Ita kanta Altium ai ba ta tsira daga canjin hannu ba: a matsayin Protel ta fara a Ostareliya a 1985, kuma a 2024 kamfanin Renesas na Japan ya saye ta.

Injiniya Bashir:
Ban ce ba za a iya ba, Malam Kabiru, cewa na yi lokacin da zai ci ya bambanta, kuma a kamfanin da ke biyan injiniya albashi mai tsoka, lokaci ya fi lasisi tsada. Ka kuma tuna KiCad ba ta da abin jan layi da kansa a cikinta, sai an haɗa ta da wata manhaja mai suna Freerouting, ko da yake ni ban ɗauki wannan babban rashi ba, domin allon wuta da hannu ake jan layinsa.

Bari in koma kan Malam Auwalu, don kada muhawarar ta bar shi a baya. Ƙanena, abin da zai sa na'urarka ta ƙone ko ta daɗe ba ya cikin sunan manhaja. Allon da aka saba bugawa FR-4 ne mai kaurin milimita 1.6, jan ƙarfensa kuma maikuron 35. A kan irin wannan, bisa lissafin ƙa'idar zanen allo ta IPC-2221, layin da zai ɗauki amfiya 10 a hawan waje na allo ba tare da zafinsa ya ƙaru da fiye da digiri 10 ba yana buƙatar faɗin kusan milimita 7. Yanzu ka sa wannan allon a cikin rufaffen akwati, a ɗakin kwano, a watan Afrilu lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, ka ga cewa babu sarari na yin kasada. Sannan ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan allo, idan damina ta shigo ta jiƙe da laima ta zama hanyar wuta tsakanin layukan da aka matse, musamman a ɓangaren bolt 230. Wannan lissafin faɗin layi yana cikin KiCad, kuma idan ka gaya mata tazarar da kake so tsakanin ɓangaren babbar wuta da na ƙarama, binciken ƙa'idojinta zai nuna maka duk inda ka saɓa. Ta kuɗi ma haka za ta yi maka, ba ƙari. A wannan aikin naka, ni ma KiCad zan ce.

Alhaji Sule:
Ni ba mai zane ba ne, kayan lantarki nake shigowa da su, amma ina bibiyar zancen saboda yarana biyu suna wannan fanni. Abin da zan ƙara na kuɗi ne. Duk lasisin da aka ambata da dala ake biyansa, mu kuwa da naira muke sayarwa. Kafin watan Yuni na 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗaura wa kansa biyan shekara-shekara kafin wannan lokacin ya wayi gari nauyin ya ninka fiye da sau uku, alhali bai ƙara sayar da ko na'ura ɗaya ba. An kuma yi lokacin da katin naira ba ya biyan komai a waje. Ɗan kasuwa yana iya ɗaukar tsada idan ya san iyakarta, abin da yake karya shi shi ne kuɗin da bai san nawa zai zama baɗi ba, kuma idan bai biya ba a rufe masa kayan aikinsa. Malam Auwalu, dalar da kake da ita ka kashe ta a kan abin da ba ya samuwa kyauta: buga allo mai kyau, kaya na asali, da na'urar awo.

Nasiru:
Na gode Malama, na gode iyayena, na karɓi gyara. Ina da wata tambayar. Abokaina da yawa EasyEDA suke amfani da ita, ita ma kyauta ce, a cikin burauza take buɗewa, kuma daga cikinta ake tura oda zuwa masana'antar buga allo ta JLCPCB a Shenzhen, kayan kuma a ɗauko daga shagon kayan lantarki na LCSC. Me ya sa ba wanda ya ambace ta?

Malam Kabiru:
Tambaya ce mai kyau, Nasiru. EasyEDA tana da sauƙin koyo, kuma babban amfaninta shi ne kayan da ka zaɓa yana zuwa da sawunsa, wato tsarin wuraren da ƙafafunsa za su zauna a kan allo, a shirye da lambarsa ta shago, saboda haka idan kana so a bugo maka allon a kuma jera masa kaya a can, aikin yana raguwa sosai. Ban hana kowa ita ba. Amma ka lura cewa ba a biyan kuɗinta ne saboda kamfanin yana samun nasa a wajen buga allo da sayar da kaya, kuma manhajar tana hannunsa, shi yake yanke abin da za ta zama gobe. Akwai wadda ake saukewa a kwamfuta, amma ƙarfinta yana ga rumbun kayan da ke intanet, kuma ranar da sabis ya yi rauni za ka ji a jikinka. Idan za ka yi amfani da ita, ka riƙa sauke kwafin aikinka kana ajiyewa, kuma KiCad daga fitowa ta 8 tana iya shigo da shi.

Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne masana'antar buga allo ba ta tambayarka da me ka yi zane. Fayilolin Gerber take karɓa, ɗaya ga kowane hawa, tare da fayil ɗin huji na Excellon, kuma duk manhajojin da muka ambata suna fitar da su. Haka ma mai yin allonsa a shago, wanda yake buga zanen a takarda mai sheƙi, ya manna shi da dutsen guga, ya tsoma a sinadarin ferik kuloraid, baƙin hoton layukan kawai yake buƙata a daidai girmansa.

Auwalu:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Maganar Alhaji da ta Injiniya sun ishe ni, zan koma KiCad. Saura damuwa biyu. Ta farko, tsofaffin zanena na EAGLE, waɗanda har yanzu nake sayar da na'urorinsu, shin sai na sake su daga farko? Ta biyu, tun da lasisinta ya ce a raba, ko hakan yana nufin dole in buɗe wa kowa zanen da nake ci da shi?

Malama Hadiza:
A kan ta biyu ka kwantar da hankalinka, Malam Auwalu. GPL ya shafi manhajar ce ita kanta, ba abin da ka zana da ita ba. Rumbun alamomi da sawun kayanta ma an sa masa togaciya a fili cewa yin amfani da su a zanenka ba ya tilasta maka raba shi. Zanenka naka ne, ka ɓoye ko ka sayar.

Injiniya Bashir:
Ta farkon kuma ba sai ka sake ba. KiCad tana shigo da aikin EAGLE, zanen da'ira da allon duka, matuƙar fayil ɗin na EAGLE fitowa ta 6 ne zuwa sama, wato lokacin da EAGLE ta koma tsarin XML. Idan kana da waɗanda suka girmi haka, ka buɗe su a EAGLE ɗin da ke hannunka ka sake adanawa tun tana buɗuwa, kuma a wannan zaman ka fitar da Gerber na kowane allo da kake sayarwa ka ajiye a wuri biyu, domin da su kaɗai za ka iya ci gaba da oda ko da ba ka taɓa zanen ba.

Bayan ka shigo da aiki kada ka tura shi masana'anta kai tsaye. Ka sake cika filayen jan ƙarfe, ka duba ƙa'idojin tazara domin ba lallai su zo yadda ka sa su ba, ka gudanar da binciken ƙa'idoji, sannan ka fitar da sabon Gerber ka ɗora shi a kan tsohon a GerbView, manhajar duba Gerber wadda take zuwa tare da KiCad, ka bi hawa-hawa ka ga ko wani abu ya gusa. Sawun kaya shi ne inda na fi so ka sa ido. Kayan da muke samu a Sabon Gari, musamman rile da kafasita manya da mahaɗan waya masu sukurori, sau da yawa tazarar ƙafafunsu ba ta zo daidai da ta rumbun manhaja ba, kowace manhaja ce kuwa. Ka auna da kalifa, ka yi naka rumbun na kayan da kake samu a kasuwa, kuma kafin ka biya kuɗin oda ka buga allon a takarda a ainihin girmansa ka jera kayan a kai. Fayil ɗin sauke KiCad na Windows yana da girma sosai saboda siffofin kayan da ke cikinsa, don haka wanda ya riga ya sauke ya kwafa maka a filashi, lasisinta ya halatta hakan. Ka fara da ƙaramin allo wanda ka san shi sosai, sabon zanen inbatar ya biyo baya idan hannunka ya faɗa.